Matatar ruwa a gida: Abubuwan da ya kamata a sani kafin a saya

A garuruwa da dama na arewacin Najeriya da kudancin Jamhuriyar Nijar ruwan famfo ba ya kai wa ga kowane gida, abin da ya sa magidanta suka dogara a kan rijiyoyin burtsatse, da rijiyoyin gargajiya, da kuma 'yan garuwa. Wannan hali ya buɗe kasuwa ga masu sayar da na'urorin tace ruwa iri-iri, daga 'yar ƙaramar da ake ɗaurawa a bakin famfo har zuwa manyan tankuna da ake girkawa a tsakar gida.

To sai dai kowace na'ura da irin aikin da aka ƙera ta dominsa. Wadda ke cire laka ba ta kashe ƙwayoyin cuta, wadda ke kashe ƙwayoyin cuta ba ta cire gubar da ta narke a cikin ruwa, wadda kuma ke sa ruwa ya yi kumfa ba ta yin ko ɗaya daga cikin biyun. Magidancin da ya sayi na'urar da ba ta dace da matsalar ruwansa ba ya yi asarar kuɗi, sannan iyalinsa za su ci gaba da shan gurɓataccen ruwa cikin kwanciyar hankali, suna zaton an tsabtace shi.

Girman matsalar

Hukumar Lafiya ta Duniya, WHO, ta ƙiyasta cewa a shekarar 2022 mutane aƙalla biliyan 1.7 a duniya na shan ruwa daga wuraren da bayan gida ya gurɓata. Ta ce irin wannan ruwa na haddasa mutuwar mutane kimanin 505,000 a kowace shekara ta hanyar gudawa, ban da kwalara da taifot da atuni da shan inna da ake ɗauka ta cikinsa.

A shekarar 2021 hukumar yaƙi da yaɗuwar cututtuka ta Najeriya, NCDC, ta ba da rahoton mutane fiye da 111,000 da ake zaton sun kamu da kwalara, kimanin 3,600 daga cikinsu suka rasu. Jihohin Bauchi da Jigawa da Kano da Zamfara na cikin waɗanda annobar ta fi yi wa ɓarna. Haka kuma bayan ɓallewar madatsar ruwa ta Alau a watan Satumban 2024, lokacin da ambaliya ta mamaye Maiduguri ta cika rijiyoyi da ƙazanta, hukumomin jihar Borno sun sanar da ɓarkewar kwalara.

Tarihi ya nuna cewa tace ruwa a gida na aiki idan an san abin da ake son cirewa. A shekarar 1988 an ƙirga mutane fiye da 650,000 masu ciwon kurkunu a Najeriya. Da yake ƙwayar cutar na ɓuya ne a cikin wasu ƙananan ƙwari na ruwan kududdufi, tace ruwa da ƙyalle mai ƙananan ido ya taimaka ƙwarai wajen katse ta, har WHO ta tabbatar a shekarar 2013 cewa Najeriya da Nijar sun rabu da cutar. Amma ƙyallen da ya yi maganin kurkunu ba zai tare gubar dalma ba, don haka matakin farko shi ne sanin abin da ke cikin ruwan.

Me ke ɓata ruwan gida?

Masana sun kasa abubuwan da ke ɓata ruwa gida huɗu.

Na farko shi ne abin da ido ke gani, wato laka da yashi da tsatsa. Wannan ya fi yawa a ruwan kogi da tafki, da rijiyar da ba ta da murfi, musamman da damina. Laka ita kanta ba ta cika cutarwa ba, amma tana ɓoye ƙwayoyin cuta, tana kuma hana maganin kulorin yin aikinsa.

Na biyu shi ne ƙwayoyin cuta, waɗanda su ma iri uku ne. Akwai bakteriya, irin masu kawo kwalara da taifot. Akwai bairos, irin masu kawo ciwon hanta nau'in A da E. Sai kuma ƙwayoyin tsutsar ciki masu kauri. Girmansu ya bambanta, kuma wannan bambanci ne ke nuna matatar da za ta iya tare su. Ana auna su da maikiron, wato kashi ɗaya cikin dubu na milimita. Ƙwayoyin tsutsar ciki sukan kai maikiron 4 zuwa 15, bakteriya sukan kama daga kusan rabin maikiron zuwa maikiron kaɗan, bairos kuwa yawancinsu ba su kai kashi ɗaya cikin goma na maikiron ba.

Na uku shi ne sinadaran da suka narke a ruwa masu cutarwa ga lafiya, kamar fuloraid da naitiret da asinik da dalma. Ba su da launi, ba su da wari, kuma tafasa ruwa ba ya kawar da su.

Na huɗu shi ne sinadaran da ke damun mai gida ba tare da sun cutar da shi ba, kamar ƙarfen da ke sa ruwa ya yi ja bayan an ajiye shi, da zartsi, da kuma nauyin ruwa.

Darasin Tibiri

Garin Tibiri da ke kusa da Maraɗi ya zama abin misali game da haɗarin amincewa da ruwa saboda kyan ganinsa. A tsakiyar shekarun 1980 aka fara ba garin ruwa daga wata rijiyar burtsatse mai zurfi. Ruwan garai-garai yake, amma fuloraid ɗin da ke cikinsa ya ninka sau uku ko fiye a kan miligiram 1.5 a kowace lita da WHO ta amince da shi. Kafin a gano dalili a ƙarshen shekarun 1990, dubban yara sun sami tabo a haƙora, ɗaruruwa kuma ƙasusuwansu sun lanƙwashe. A Najeriya ma an san yankunan Langtang a jihar Filato da Kaltungo a jihar Gombe da yawan fuloraid a ruwan ƙarƙashin ƙasa.

Makamancin haka ya faru a Bangladesh, inda aka haƙa miliyoyin rijiyoyin tuƙa-tuƙa tun daga shekarun 1970 domin kuɓutar da jama'a daga ruwan tafki, daga baya aka gano da yawa daga cikinsu na ɗauke da asinik. A birnin Flint na Amurka kuwa, dalma ce ta riƙa narkewa daga tsofaffin bututu tana shiga ruwan famfo bayan da aka sauya wa birnin mashaya a shekarar 2014. A Zamfara, inda gubar dalma ta kashe yara aƙalla 400 a shekarar 2010, ƙurar duwatsun zinariya da ake niƙawa a cikin gidaje ce babbar hanyar da gubar ta bi, amma masana na ba mazauna yankunan haƙar ma'adinai shawarar su gwada ruwan rijiyoyinsu.

Naitiret kuwa yakan fito ne daga shadda da takin zamani. A unguwannin da gidaje suka cushe, inda rijiya ke maƙwabtaka da masai, yakan haura miligiram 50 a kowace lita, wanda shi ne iyakar da WHO ta sa. Haɗarinsa ya fi yawa ga jarirai 'yan ƙasa da wata shida da ake dama wa madara da ruwan, domin yana rage wa jini ƙarfin ɗaukar iska. Ƙa'idar da ma'aikatan agaji ke bi ita ce a bar tazarar mita 30 aƙalla tsakanin masai da rijiya.

A gwada ruwa tukuna

Hukumar kula da ingancin kayayyaki ta Najeriya, SON, ta fitar da ma'aunin ruwan sha na ƙasa a shekarar 2007, aka sabunta shi a 2015. Ma'aunin ya tanadi cewa kada a sami ƙwayar E. coli ko ɗaya a cikin mililita 100 na ruwa, kada ƙarfe ya wuce miligiram 0.3 a lita, kada dalma ko asinik su wuce miligiram 0.01, kada jimillar abin da ya narke a ruwa ta wuce miligiram 500, sannan kada nauyin ruwa ya wuce miligiram 150.

Ana iya kai ruwa gwaji ɗakunan binciken hukumomin ruwa na jihohi, ko na jami'o'i, ko Cibiyar Albarkatun Ruwa ta Ƙasa da ke Kaduna. Idan gwajin ƙwayoyin cuta za a yi, wajibi ne a karɓi kwalbar da aka tsabtace daga ɗakin binciken, a sa samfurin a sanyi, a kai shi cikin sa'o'i shida in da hali. Ya kyautu a yi gwajin sau biyu, da rani da kuma tsakiyar damina, domin rijiyar da ta fito da tsabta a watan Maris na iya gurɓata a watan Agusta.

Akwai dabaru biyu na 'yan kasuwa da ya kamata a yi hattara da su. Na farko shi ne ɗan ma'aunin nan mai kama da alƙalami da ake tsomawa a kofi ya nuna lamba. Abin da yake aunawa kawai shi ne jimillar sinadaran da suka narke, ba tare da ya bambanta mai amfani da mai cutarwa ba, kuma ba ya ganin ƙwayoyin cuta. Ruwan da ke ɗauke da kwalara na iya nuna ƙaramar lamba. Na biyu shi ne na'urar da ake jona wa lantarki a tsoma ƙarafunanta a ruwa, sai ruwan ya rikiɗe ya yi baƙi ko ja. Wannan launi daga ƙarfen na'urar yake fitowa, kuma ko tsabtataccen ruwan kwalba mai ma'adinai aka tsoma ta a ciki haka zai yi.

Ruwan da ba ya kumfa

Matan gida ne suka fi sanin ruwa mai nauyi. Shi ne wanda ke cinye sabulu ba ya kumfa, yana barin farin dafi a gindin tukunya da butar shayi, yana toshe kan shawa da bututu, yana kuma sa tufafi su yi tauri bayan wanki. Dalili shi ne sinadaran kalsiyam da maganiziyam da ruwan ya narkar yayin da yake ratsa duwatsu, musamman farar ƙasa. Shi ya sa ake yawan cin karo da shi a yankunan da ke da irin wannan dutse, kamar kewayen Sakkwato da Ashaka da Malbaza, inda masana'antun siminti suka kafu saboda shi.

Bisa rabon da aka saba amfani da shi, ruwan da nauyinsa bai wuce miligiram 60 a lita ba mai laushi ne, daga 61 zuwa 120 matsakaici, daga 121 zuwa 180 mai nauyi, abin da ya haura 180 kuma mai nauyi ƙwarai. Mai gida na iya yin gwajin farko da kansa: ya zuba ruwan a gora rabi, ya ɗiga sabulun ruwa kaɗan, ya girgiza. Idan ruwan ya yi fari kamar tsarki babu kumfa a samansa, to akwai alamar nauyi.

WHO ba ta sa wa nauyin ruwa wata iyaka ta fuskar lafiya ba, domin kalsiyam da maganiziyam abubuwa ne da jiki ke bukata. Ta dai lura cewa idan ya wuce miligiram 200 yakan bar dafi a bututu da tukwanen dumama ruwa. Ke nan rage nauyin ruwa magana ce ta tattalin sabulu da kare kayan gida.

Nauyin iri biyu ne. Akwai wanda tafasa ruwa ke rage shi, shi ne ke zama farin dafin nan a gindin buta. Akwai kuma wanda ko an tafasa yana nan, sai da na'ura.

Yadda na'urar rage nauyi ke aiki

Na'urar tanki ce cike da wasu ƙananan ƙwayoyin roba masu kama da tsaba, waɗanda aka jiƙa da sodiyam. Idan ruwa ya ratsa su sai su kama kalsiyam da maganiziyam, su saki sodiyam a madadinsu. Bayan 'yan kwanaki ƙwayoyin sukan cika, sai a wanke su da ruwan gishiri mai kauri daga wani tanki na biyu, a zubar da ruwan wankin, su koma aiki.

Ana zaɓar girman na'urar ne da lissafi. A ɗauki gida mai mutum takwas, kowa na amfani da lita 50 a rana, jimilla lita 400. Idan nauyin ruwan miligiram 300 ne a lita, to na'urar za ta cire giram 120 a kowace rana. Lita ɗaya ta ƙwayoyin robar na ɗaukar kimanin giram 50 kafin ta cika, saboda haka tanki mai lita 25 zai yi kusan kwana goma, kuma kowane wanki zai ci gishiri kilo uku zuwa huɗu. Wanda bai shirya sayen wannan gishiri wata-wata ba, na'urarsa za ta zama tankin banza.

Akwai abubuwa uku da masu sayarwa ba su cika faɗa ba. Na ɗaya, a madadin kowane miligiram 100 na nauyi da aka cire, ana ƙara wa ruwan kimanin miligiram 46 na sodiyam. A misalin da ya gabata, kowace lita za ta sami ƙarin miligiram 138. Don haka ake ba da shawarar a ware famfo ɗaya a kicin wanda bai bi ta na'urar ba, domin masu hawan jini ko ciwon ƙoda da likita ya hana gishiri, da kuma damun madarar jarirai. Na biyu, na'urar ba ta kashe ƙwayar cuta ko ɗaya. Na uku, ruwan gishirin da take zubarwa na ƙona shuka, kuma idan aka sake shi kusa da rijiya zai koma cikinta.

Ana kuma tallar wasu na'urori na maganaɗisu da ake ɗaurawa a jikin bututu. Waɗannan ba sa cire kalsiyam daga ruwa, kuma idan aka gwada ruwan bayan ya wuce su nauyinsa na nan yadda yake.

Ire-iren matata da iyakar kowace

Matatar laka ita ce farin kwanson nan na zare ko auduga da ake sawa cikin gora a kan bututu, yawanci mai ido maikiron 5. Tana tare yashi da tsatsa, kuma ita ce ke kare sauran na'urorin da ke bayanta. Bakteriya da bairos na wuce ta.

Matatar gawayi ana yin ta da gawayin da aka sarrafa, sau da yawa daga ɓawon kwakwa. Tana cire warin kulorin da ɗanɗano mara daɗi da wasu magungunan ƙwari. Ba ta cire zartsi ko naitiret ko fuloraid, kuma idan ta tsufa ba a sauya ta ba, bakteriya kan yi sheƙa a cikinta. Yawancin masu ƙera ta na cewa a sauya ta duk wata shida.

Matatar yumɓu tukunya ce ko sanda da aka gasa, mai ƙananan ƙofofi da ruwa ke tsattsafowa ta ciki. Wani masani ɗan ƙasar Guatemala, Fernando Mazariegos, shi ne ya ƙirƙiro samfurin tukunyar a shekarar 1981, kuma an kafa masana'antar yin ta a kusa da Tamale a arewacin Ghana. Ba ta bukatar lantarki, tana ba da lita ɗaya zuwa uku a sa'a, tana tare ƙwayoyin tsutsar ciki da mafi yawan bakteriya, amma ba ta da ƙarfi a kan bairos. Idan ta tsage, ko da tsagar ba ta fi gashi ba, ta tashi daga aiki.

Matatar yashi ta gida, wadda Dakta David Manz na Jami'ar Calgary a Kanada ya tsara, akwati ne na siminti ko roba mai tsakuwa da yashi. Wani yauƙi mai rai da ke tsirowa a saman yashin shi ne ke cinye ƙwayoyin cuta. Yakan ɗauki kusan wata guda kafin ya nuna, kuma dole a riƙa zuba ruwa kullum don kada ya mutu.

Fitilar UV na kashe bakteriya da bairos da ƙwayoyin tsutsa da wani haske da ido ba ya gani. Sharaɗinta biyu ne: ruwan ya kasance garai, kuma wuta ta kasance a kunne duk lokacin da ruwa ke wucewa. A inda lantarki ke yawan ɗaukewa, ruwan da ya wuce cikin duhu bai tsabtatu ba, sai fa idan an haɗa ta da batir ko sola. Ƙwan fitilar na raunana bayan kimanin shekara guda ko da yana ci gaba da haske.

Na'urar da 'yan kasuwa ke kira RO tana tura ruwa da ƙarfi ta cikin wata fata mai matuƙar ƙananan ƙofofi. Ita ce ke rage zartsi da fuloraid da naitiret da dalma da asinik da nauyin ruwa gaba ɗaya. Amma tana bukatar matsin ruwa mai ƙarfi, wanda tankin sama shi kaɗai ba ya cika bayarwa sai an ƙara ɗan inji. Irin wadda aka fi sayarwa ta gida na zubar da lita uku zuwa huɗu kafin ta ba da lita ɗaya mai kyau, abin da ke da nauyi ga wanda ke sayen ruwa jarka-jarka. Tana kuma kwashe ma'adinai masu amfani. Saboda wannan asara ne kotun kare muhalli ta Indiya ta bukaci gwamnati a shekarar 2019 da ta hana amfani da ita a inda abin da ya narke a ruwa bai kai miligiram 500 a lita ba. Ruwan da take zubarwa ana iya tara shi don shara da bayan gida.

Game da fuloraid, ban da RO ana amfani da gawayin ƙashi, kamar yadda ake yi a yankin Nakuru na Kenya, ko kuma haɗin alif da farar ƙasa da aka fi sani da hanyar Nalgonda a Indiya. Ruwa mai ƙarfe kuwa maganinsa shi ne a watsa shi ya sha iska har tsatsar ta fito, sannan a tace da yashi. Idan ba a yi haka ba, ƙarfen zai toshe na'urar rage nauyi da fatar RO cikin ɗan lokaci.

Hanyoyin da ba sa bukatar na'ura

Tafasa ruwa har ya yi minti ɗaya yana ɓararraka na kashe dukkan ire-iren ƙwayoyin cutar nan uku. Illarsa ita ce cin itace ko gas, sannan yana ƙara wa naitiret da fuloraid kauri saboda ruwan da ya tafi a tururi.

Maganin kulorin, irin su WaterGuard da Aquatabs, na kashe bakteriya da mafi yawan bairos idan an bi adadin da aka rubuta a jikinsa, aka kuma jira minti 30. Fifikonsa a kan sauran hanyoyi shi ne yana ci gaba da kare ruwan a cikin mazubi. Sai dai akwai wata ƙwayar tsutsar ciki mai suna Kiriftosforidiyam da ke jure masa.

Alif da garin ƙwayar zogale, waɗanda aka daɗe ana amfani da su a ƙasar Hausa da Sudan, suna kwantar da laka ruwa ya yi garai, amma ba su isa su tabbatar da tsabtarsa ba sai an bi su da kulorin ko tafasawa. Akwai kuma shanya ruwa a rana cikin gorar roba mai haske wadda ba ta fi lita biyu ba, tsawon sa'o'i shida, ko kwana biyu a jere idan akwai hadari sosai.

Shaidar inganci

Tun daga shekarar 2014 WHO ke gwada kayan tsabtace ruwa na gida tana ba su taurari. Mai tauraro uku na kawar da aƙalla kashi 99.99 cikin ɗari na bakteriya da ƙwayoyin tsutsa, da kashi 99.999 na bairos. Mai tauraro biyu na kawar da kashi 99 na bakteriya da ƙwayoyin tsutsa, da kashi 99.9 na bairos. Mai tauraro ɗaya ya cika wannan sharaɗi ne a kan iri biyu kawai daga cikin ukun. Wasu daga cikin kayayyakin da aka gwada sun kasa samun ko tauraro ɗaya.

A jikin kayan da ake shigowa da su kuma akan ga tambarin NSF tare da lamba. Lamba 42 ta shafi ɗanɗano da wari ne kawai, 53 ta shafi abubuwan da ke cutar da lafiya kamar dalma, 44 ta na'urar rage nauyi ce, 55 ta fitilar UV, 58 kuma ta RO. Ya kamata mai saye ya duba sunan sinadarin da aka tabbatar na'urar na cirewa, domin tambarin ba ya nufin tana cire komai.

Wace ce ta dace da wane gida?

Gidan da ke samun ruwan famfo daga matatar gwamnati, kamar ta Tamburawa a Kano ko ta Goudel a Yamai, babbar barazanarsa ita ce fasassun bututu da ke zuƙo ƙazanta idan ruwa ya ɗauke. Matatar laka, sannan kulorin ko matatar yumɓu don ruwan sha, yawanci sun wadatar.

Gidan da ke da rijiyar burtsatse, sakamakon gwaji ne zai yi masa jagora. Idan nauyi ne kaɗai, na'urar rage nauyi ta isa. Idan fuloraid ne ko naitiret, sai a girka RO ƙarama a kicin don sha da girki kawai, tun da wanka da wanki ba sa bukatarta. Idan an haɗa na'urori da yawa, jerin da ake bi shi ne matatar laka a gaba, sai mai cire ƙarfe, sai mai rage nauyi, sai gawayi, sannan RO ko fitilar UV a ƙarshe.

Gidan da ke sayen ruwa a hannun 'yan garuwa ba shi da tabbacin mashaya ɗaya, don haka ya fi dacewa ya ɗauka cewa kowace jarka na iya ɗauke da ƙwayoyin cuta, ya kwantar da lakar, ya sa kulorin ko ya tafasa.

Kafin a biya kuɗi, ya kyautu mai gida ya tambayi inda ake samun kayan sauyi a garinsa, da kuɗin da za su ci a shekara, da lita nawa na'urar ke bayarwa a sa'a, da kuma wanda zai gyara ta idan ta lalace. Sau da yawa kuɗin kulawa na 'yan shekaru kan zarce kuɗin sayen na'urar. Bayan an girka ta kuma, a sake kai ruwan da ya fito daga cikinta gwaji.

Ajiya bayan tacewa

Bincike a ƙasashe masu tasowa ya sha nuna cewa ruwa kan fi gurɓata a cikin gida fiye da yadda aka ɗebo shi daga mashaya. Randa mai faɗin baki da kowa ke tsoma moɗa a ciki, yara da manya, na iya mayar da ruwan da aka tace gidan jiya cikin yini guda. Ma'aikatan lafiya na ba da shawarar a yi amfani da mazubi mai murfi da ƙaramin baki, ko randar da aka sa wa famfo a gindi, a riƙa wanke shi da sabulu duk mako. Tankin sama kuma a rufe shi da kyau, a wanke shi aƙalla sau biyu a shekara, musamman bayan wucewar ƙurar hunturu da kuma ƙarshen damina.